Yauƙin Randa

Sau uku ke nan tun ɗaukewar ruwan bana
kunnen Mutari na hagu yake zuba,
mugunya mai warin kifin da ya kwana.
Ni mai gyaran rediyo ne a bakin Kasuwar Dole,
na san inda murya ke maƙalewa cikin wayoyi,
amma ban san inda tawa ke tsayawa ba
in na kira ɗana daga zaure
ya juyo mini da ɓarin dama.

Mun ba shi na kwalba, mun ba shi ƙwaya.
Kwana biyar kunne ya bushe, Yagana ta yi guɗa.
Mura ta zo da sanyin asuba,
matashin kai ya sake jiƙewa.

Likita Kyari bai ɗauki alƙalami ba tukuna.
Ya haska fitila, ya daɗe yana leƙe,
sannan ya ce, wa ke wanke randa a gidanku?
Na ce, uwarsa.
Ya ce, tambaye ta abin da yatsa ke ji
in ya shafi cikin randa bayan mako guda.
Ruwa garau, ka ga fuskarka,
bango kuwa santsi, kamar miyar kuɓewa.
Ka zubar, ka ɗauraye, ka cika da sabo,
jibi yana nan inda ka bar shi.

Haka suke, in ji shi, ƙwayoyin nan.
Ɗaya ɗaya abin tausayi ne, magani na share su.
Amma in sun sami wurin zama
sai su tofa yauƙi, su lulluɓa da shi,
su yi ganuwa irin ta Birni ba tare da tubali ba,
su bar lunguna don abinci ya ratsa,
su riƙa aika wa juna saƙo, mun yi yawa, a ƙara gini.
Magani ya zo ya kashe masu gadin ƙofa,
na can ƙurya sun yi likimo kamar kwaɗin rani.
Ka ce an gama. Su ko barci suke.

Ta ina suka shiga? Na rufe kunnensa da hula.
Ya yi dariya, ya taɓa hancin yaron:
ta nan, akwai ɗan siririn rariya
daga bayan maƙogwaro zuwa ɗakin ji.
Unguwarsu ta fari tana bayan hanci,
kunne sabon gari ne.

Ya hana mu gashin kaza, ya hana man zafi,
ya hana tabki, ko yara sun yi ta kira.
Ya koya mini murɗa tsumma mai tsabta
siriri kamar lagwanin aci-balbal,
a tsane, a tsane, har ya fito fari,
sannan a ɗiga, don ɗigo ba ya huda laka.
Kada ka tsaya ranar da ya bushe, ya ce,
bushewa ba tafiya ba ce.

Daren nan Yagana ta kifar da randa,
ruwan da muka saya bido biyu da kuɗin cefane,
ta sa soso da yashi tana dirza,
ba ta ce da kowa komai ba.
Ni ina tsakar gida, kan Mutari bisa cinyata,
ina murɗa lagwani na huɗu.

Yau kwana goma sha ɗaya.
Na kunna wata tsohuwar rediyo da mai ita ya manta,
na rage ta har ta koma numfashi,
na ajiye ta ɓarin hagu, ban faɗa masa ba.
Yana cin gyaɗa. Ya ci, ya ci.
Can ya dakata, ɓawo a hannu,
ya ce, Baba, wani yana magana cikin rijiya.

Ban yi guɗa ba, na hana uwarsa.
Saura kwana uku a kwalbar.
Na san yauƙi yanzu.